Daga Tafin Ƙafa Ake Farawa: Yadda Za Ka Zaɓi Takalmi da Kayan Motsa Jiki a Jos

Duk watan Janairu, gidan motsa jikin da nake zuwa a nan Jos yakan cika da sababbin fuskoki, amma kafin azumin wasu ko Istar wasu ta zagayo, sai ka nemi da yawansu ka rasa. In kun haɗu a Terminus ka tambayi mutum lafiya, sai ya ce gwiwa ce ta matsa masa, ko ƙwauri, ko farcen babban yatsa ya yi baƙi. Ba kowane ciwo ne laifin takalmi ba. Sai dai na daɗe ina kallon ƙafafun masu shigowa: ga jesi mai tsada da tambarin kulob, ga wando sabo fil, amma a ƙasa kambas ɗin yawon gari ne wanda dunduniyarsa ta riga ta karkace, wani ma da silifas yake zuwa. Sun fara sayayyarsu daga sama. Ni shawarata ka fara daga ƙasa. In ka raba kuɗin da ka ware gida uku, kashi biyu na takalmi da safa ne, kashi ɗaya ya ishi riga da wando, balle a garin da yake da gwanjo irin na kasuwar Katako.

Mataki na farko: me za ka je yi a wurin?

Kafin ka taɓa aljihu, ka amsa wa kanka wannan tambayar, don takalmin gudu daban, na ɗaga ƙarfe daban, kuma abin da ya sa ɗaya ya yi kyau shi ne yake ɓata ɗayan.

Takalmin gudu an cika ƙasansa da soso mai laushi don ya shanye dukan da ƙafa take yi wa ƙasa, kuma a yawancinsu dunduniya ta fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12. An yi shi ne don tafiya gaba kawai. In aikinka injin gudu ne, ko zagaye fili da asuba, ko doguwar tafiyar ƙafa, shi za ka nema.

Ɗaga ƙarfe kuwa ƙasa mai tauri yake so. Wannan darasin a hannun kocinmu na koye shi, ran da na fara tsuguno da ƙarfe a kafaɗa. Ina cikin na uku ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ajiye tukuna. Dubi madubi, kalli idon sawunka."

Na duba, sai na ga ƙafata tana lanƙwasa ciki duk lokacin da zan miƙe, gwiwa tana bin ta.

"Kan katifa kake tsaye," in ji shi. "Cire takalmin ka gwada da safa."

Da na cire, nauyin bai canza ba, amma rawar ta ɓace. Soson da yake cetonka a wajen gudu shi ne yake nutsewa a ƙarƙashin nauyi, yana hana ka dafa ƙasa yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga tsofaffin 'yan ɗaga ƙarfe da kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa irin Converse. Akwai kuma takalmin ɗaga ƙarfe na musamman mai dunduniya tauri da tudun kusan santimita 2, amma wannan na wanda ya yi nisa ne, sabon shiga bai buƙace shi ba.

Mu da yawa dai gauraye muke yi: minti goma a injin gudu, tsallen igiya, ɗan ƙarfe, wani lokaci erobik, wato motsa jiki na tsalle-tsalle da bin kiɗa. Mai irin wannan tsarin ya nemi takalmin tsaka-tsaki, wanda ƙasansa yake da faɗi, sosonsa ba yawa, gefensa kuma yana da ƙarfin riƙe ƙafa in an yi tsalle hagu da dama. Nike Metcon da Reebok Nano su ne sanannu a wannan ajin, kuma na ambace su ne don ka san siffar da za ka nema, ba don dole sai su ba. Amma ka sani ba sa daɗin gudu mai nisa. In ka wuce kilomita uku ko huɗu kullum, koma wa na gudu, ka riƙa yin ƙarfenka da kambas mai araha.

Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a ƙasa na fili ne, a kan tayil santsi yake yi.

Mataki na biyu: auna ƙafarka, kada ka dogara da lamba

"Ni 42 nake sawa" ita ce maganar da ta fi jawo baƙin farce. Lambobin ba su daidaita tsakanin kamfanoni. Lamba 42 ta maza a Nike ita ce 7.5 a ma'aunin Ingila, a Adidas kuma 8, alhali dukansu santimita 26.5 suka rubuta. Don haka santimitar ita ce abin riƙewa.

Da yamma, bayan ka wuni a tsaye, sa safar da za ka riƙa motsa jiki da ita. Ajiye takarda a jikin bango, taka ta dunduniyarka tana taɓa bangon, wani ya yi maka alama a bakin yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban yatsa ba. Auna ƙafafun biyu, ka ɗauki wadda ta fi girma, ka ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dalilin yamma shi ne ƙafa tana ɗan kumbura a wuni, kuma tana ƙara kumbura in ana gudu. Takalmin da ya yi maka cif da safe zai matse ka a injin gudu.

Ka lura da faɗi ma. Wanda ya tashi da silifas da takalmin fata buɗaɗɗe yakan samu yatsunsa a baje suke, takalman Turai da yawa kuwa bakinsu tsukakke ne. Ga dabara mai sauƙi: zaro shimfiɗar cikin takalmin, ajiye ta a ƙasa, ka taka. In gefen ƙafarka ya zubo waje, wannan takalmin ba naka ba ne, ko da lambar ta yi daidai.

Mataki na uku: a gaban mai takalmi

Nan ne ake asara, don haka zan ɗan daɗe.

Zaɓi uku ne a gabanka: sabo na asali a manyan shaguna, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, sabon jabu mai tambarin babban kamfani, da kuma gwanjo. Tsakanin jabu da gwanjo mai kyau, ni gwanjo nake ɗauka, don jabun siffa kawai ya kwaikwayo, sosonsa kuwa cikin 'yan makonni yake kwantawa. Amma gwanjo sai da ido.

Na taɓa sayen wani a hannun mai gwanjo a bakin titi, fari tas, zanen ƙasansa ko gogewa bai yi ba. "Oga, wannan ko ƙasa bai taɓa takawa ba," in ji shi, kuma gaskiya ya faɗa. A rana ta uku ina kan injin gudu na ji ƙafar dama tana ƙasa-ƙasa. Da na duba, soson yana zuba kamar busasshen burodi. Na kai wa shumeka, ya murza shi da yatsa ya girgiza kai: "Yallaɓai, wannan ba aikin gam ba ne, soson ne ya mutu." Mai sayarwar bai cuce ni da gangan ba. Wani nau'in soson takalmi yana ruɓewa da kansa in ya shekara da shekaru a ajiye, danshin iska ne yake cin sa, ko an sa shi ko ba a sa ba. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa shi ne 'yar takardar da take manne a bayan harshen takalmin. Manyan kamfanoni sukan buga wata da shekarar da aka yi shi a wurin. In ya haura shekara biyar, sai in ajiye, komai kyansa.

Bayan kwanan wata, ga abin da hannunka zai gaya maka. Danna soson gefe da babban yatsa: mai rai zai nutse ya dawo, matacce zai yi tauri ko ya zauna a nutse, kuma za ka ga ya yi tamoji masu zurfi a jikinsa. Lanƙwasa takalmin: ya kamata ya karye a daidai inda yatsu suke lanƙwasawa, ba a tsakiya ba. Murɗa shi kamar za ka matse wanki: in ya murɗe ba gardama, ba zai riƙe ƙafarka ba. Matsa bayan dunduniya da yatsu biyu, ka tabbatar yana da ƙarfi. Ajiye ƙafafun biyu a kan tebur ko benci, ka durƙusa ka dube su ta baya: in ɗaya ya jingina gefe, mai shi na farko ya riga ya koya masa irin tafiyarsa, kuma zai tilasta wa ƙafarka bin ta. Sannan ka bi gefen da ido ko akwai sawun sabon gam, ka kuma duba lambar kowace ƙafa daban, don a dila akan haɗa 42 da 43.

In ya tsallake wannan duka, sa ƙafa biyun, ɗaure igiya har sama, ka miƙe. Tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu. Yi tafiya, yi tsalle, tsuguna, ko da mutane suna kallo. Dunduniya kada ta riƙa zamewa sama. In tana ɗan zamewa kaɗan, ramin igiya na ƙarshe da yawancin mutane suke bari fanko an yi shi ne don wannan: zura igiyar ta cikinsa a kowane gefe ta yi ɗan kunne, sannan ka ratsa kowace igiya ta kunnen ɗaya gefen, ka ja ka ɗaure.

Kuma kada ka yarda da "zai buɗe." Takalmin fata ne yake buɗewa. Na motsa jiki, in bai yi maka daɗi a kasuwa ba, ba zai yi a gida ba.

Mai ciwon suga, ko mai tsohon ciwon gwiwa ko dunduniya, ya ga likita kafin ya zaɓa. Ga mai suga musamman, ƙaramin bororo yana iya zama gyambo, kuma ƙafar ba lallai ta ji zafin da zai gargaɗe shi ba.

Mataki na huɗu: safa

Sabuwa za ka saya, ba gwanjo ba, aƙalla ƙafa uku. Safar auduga zalla tana jiƙewa ta riƙe gumi, fata ta yi laushi, bororo da cin ruwa su samu wurin zama. Nemi mai haɗin foliyesta ko nailan, wadda ta haura bakin takalmin don kada ya goge maka agara.

Mataki na biyar: riga da wando, da sanyin garinmu

Juya rigar ka nemi 'yar takardar da take ɗinke a gefen ciki, ita ce za ta gaya maka gaskiya. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi ta manne a jiki. Foliyesta da nailan ba sa shan ruwa sosai, suna tura gumi waje ne ya bushe da wuri. In ka ga an rubuta elastane ko spandex ko Lycra, wannan shi ne zaren roba da yake sa yadi ya miƙe, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa. Sunaye irin su Dri-FIT na Nike da Aeroready na Adidas duk labarin ɗaya ne, yadin roba mai saurin bushewa, kuma rigar da ba ta da suna tana iya yin aikin in yadin ɗaya ne. Jesin ƙwallon da yake cikin akwatinka ma foliyesta ne, ya isa ka fara da shi.

A wani garin, rigar auduga rashin daɗi kawai za ta jawo. A Jos abin ya wuce nan. Muna kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Ka fito daga motsa jiki ƙarfe bakwai da jiƙaƙƙiyar rigar auduga, ka shiga Keke iskar hunturu tana dukanka ta ko'ina, kafin ka kai Bauchi Road haƙoranka sun fara haɗuwa. Maganin abin hawa-hawa ne: rigar roba a jikin fata, rigar sanyi mai zif a sama, da hula in da hali. Ka fara da su duka, bayan minti goma jiki ya ɗau zafi ka cire ta saman, da ka gama kuma ka tuɓe jiƙaƙƙiyar, ka sa busasshiya, ka mayar da rigar sanyin kafin ka fita. Shi ya sa mai zif ta fi suwaitar da ake zurawa ta kai.

Wando kuwa gwajinsa ɗaya ne: tsuguna har ƙasa. In ya ja ka a cinya ko ya zame ta baya, bar shi. Nemi mai mazagi, ba roba kaɗai ba, da aljihu mai zif saboda makulli. Ƙafarsa ta tsuke a idon sawu, don wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa yana shiga fedar keke. Wanda yake kiyaye suturar tsakanin cibiya da gwiwa ba ya cikin matsala: ko tiri-kwata, ko kuma matsattsen dogon wando a ciki da gajere a sama. Wannan na biyun ya fi mini, don in ka kwanta a benci ko ka ɗaga ƙafa, gajeren wando sakakke ba ya rufe komai, kuma na cikin yana hana cinyoyi gogar juna.

Riga biyu, wando biyu, rigar sanyi ɗaya. Sun isa wata shida na farko.

Ga 'yan'uwa mata

Da ƙanwata za ta fara zuwa, abin da ta ce mini shi ne, "Yaya, ni fa ba takalmin ne damuwata ba, hijabin ne. Da wanne zan hau injin nan?" Tana da gaskiya. Dogon hijabi da abaya haɗari ne a kusa da injin gudu da keke da duk wani abu mai juyawa, allurar ɗaure mayafi kuma ba ta da wuri a inda ake tsalle da kwanciya. Abin da ya yi mata aiki shi ne ƙaramin hijabi na zurawa, na yadin jesi mara nauyi, wanda ake cusa bakinsa cikin wuyan riga. Sai riga mai dogon hannu da ta sauko har kusa da gwiwa, an tsaga gefenta kaɗan don ƙafa ta samu sakewa. Sai wando mai tsukakkiyar ƙafa. Nike ta fitar da hijabin wasanni tun 2017, wasu kamfanonin ma suna yi, amma ba sai kin nemo na waje ba. Ki sayi yadin, ki kai wa telarki samfuri, za ta ɗinka miki biyu. Ki kuma tambayi gidan motsa jikin ko suna da lokacin mata zalla kafin ki biya kuɗin wata.

Abu na biyu, wanda kunya take sa a tsallake shi, shi ne rigar mama ta wasanni. Matsayinta ɗaya da takalmi. Mama ba shi da tsokar da take riƙe shi, fata ce da wasu siraran jijiyoyi, don haka tsalle da gudu ba tare da abin riƙewa ba suna jawo ciwo, kuma ciwon yana sa mata da yawa su daina. Iri biyu ne: mai dannewa gaba ɗaya, wadda ta dace da mai ƙaramin jiki ko motsi mara tsalle, da mai riƙe kowane ɓangare daban, wadda ta fi wa mai cikar ƙirji. Yawancin riƙon daga ɗamarar ƙasa yake zuwa, ba daga igiyar kafaɗa ba. Ɗamarar ta kama jiki yadda yatsu biyu kawai za su shiga, kada ta hau sama in kin ɗaga hannu, kada kuma ta hana ki jan dogon numfashi. Ki yi tsalle a ɗaki ki gani kafin ki cire mata takarda. Matsattsen wando kuma ki gwada shi da tsuguno a wuri mai haske, don wani yadin yana nuna jiki in ya miƙe.

Abin da za a bari a gida

Rigar leda da ake sawa wai don a narkar da tumbi, da ɗaure ciki da leda a ƙarƙashin riga, ina roƙo a daina. Gumi ruwa ne, ba kitse ba. Kilon da ya ragu a sikeli zai dawo da ka sha ruwa, abin da ka samu kawai shi ne jiri da hana jiki hucewa, kuma mutum yana iya faɗuwa. Zobe ma a cire kafin a kama ƙarfe, don in ya maƙale yana iya yi wa yatsa mummunan rauni. Haka sarƙa da dogon ɗan kunne.

Mataki na ƙarshe: kula da abin da ka saya

Kayan gwanjo a wanke su sosai a shanya a rana kafin su taɓa jiki. Daga nan, ka sani yadin roba ya fi auduga riƙe wari, kuma babban abin da yake jawo shi shi ne barin jiƙaƙƙun kaya su kwana a jaka. Da ka isa gida fito da su. Juya cikinsu waje, wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kada ka zuba ruwan laushin kaya mai ƙamshi, don yana toshe yadin ya hana shi fitar da gumi. Ba sa buƙatar guga, dutsen gawayi ma narkar da su zai yi.

Takalmin kuwa a jaka za ka riƙa kai shi, ka sa shi a can. Jar ƙurar rani da taɓon damina suna cinye shi, tsakuwar da take maƙale a ƙasansa kuma tana lalata bel ɗin injin gudu. In ya jiƙe, musamman a Yuli da Agusta da rana take wuyar gani, zaro shimfiɗar ciki, cusa masa tsohuwar jarida, canza ta in ta jiƙe, ka ajiye shi inda iska take ratsawa. Kada ka kai shi bakin kurfoti ko murhu, zafi yana sakin gam yana ƙanƙantar da soso.

Takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya gaji. In kana yin kilomita biyar sau uku a mako, wannan wata takwas ne zuwa shekara guda, na gwanjo kuma ka rage masa, tunda wani ya riga ya ci rabonsa. Saman takalmin zai iya zama kamar sabo alhali ƙasan ya gama aiki. Rubuta watan da ka fara sa shi da biro a ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Duk ƙarshen wata ka ɗora shi a kan tebur ka dube shi ta baya kamar yadda ka yi a kasuwa, ka danna soson da yatsa. Ran da ka ga ya jingina gefe, ko ƙwaurinka ya fara ciwon da ba ka saba ji ba alhali ba ka ƙara nisa ba, mayar da shi na wankin mota ko zuwa gona, ka ɗauki takardar awon ƙafarka da safarka ka nufi Katako da yamma.